Hular Zanna Da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

A wannan mako zan fara da tona wa kaina asiri. Sa'ad da na ke aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Maiduguri, ni na zo na ɗaya a jarrabawar kwamfuta, alhali kuwa ko da wasa yatsana bai taɓa sauka a kan kwamfuta ba. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, ya kan zana ta a allo da alli, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, mu kuwa mu kwafa mu haddace. An ce akwai na gaske a wani ɗaki kusa da ofishin shugaban makaranta, an lulluɓe su da leda saboda ƙura, an garƙame ƙofa da kwaɗo. Sau ɗaya tak na leƙa ta taga. Sai da na fara karatun aikin jarida, gemu ya soma tsiro mini, sa'an nan na zauna gaban kwamfuta a wani shago, na yi ta lalube ban ga inda a ke kunna ta ba, har yarinyar da ke tsaron shagon ta miƙo hannu ta danna mini tana ƙunshe dariya.

Abin da ya tuno mini da wannan tsohon abin kunya shi ne sabon tsarin karatu da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana a cikin 2025. An rage yawan darussan da a ke ɗora wa yara, an shigar da ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa tun daga firamare, an kuma tanadi sana'o'in hannu irin su kafa farantin sola da gyaran wayar hannu. A cikin abin da a ke so yara su iya har da wanda 'yan zamani ke kira kodin, watau rubuta wa na'ura umarni cikin harshen da ta ke ganewa. Niyya ce kyakkyawa, ba wanda zai ƙi ta. Amma duk wanda ya san tarihin ilmi a ƙasar nan, tilas ya yi ajiyar zuciya, domin ba yau aka fara ba.

Iyayenmu sun ga farkon tsarin 6-3-3-4 a 1982. An sayo injunan koyar da sassaƙa da aikin ƙarfe da na lantarki daga ƙasashen Turai ta Gabas, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunan da suka zo suka yi tsatsa, saboda ba wuta, ba ɗakin da za a kafa su, ba malamin da ya san kansu. A 2007 kuma aka kawo shirin nan na bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, aka gwada shi a wata firamare da ke Galadima a Abuja, aka ɗauki hotuna, daga nan aka ji tsit. Ƙasar Peru ta rungumi wannan shiri hannu biyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutocin, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. Watau sau biyu ke nan muna gani da idonmu cewa sayen kaya daban, koyarwa daban.

To, balle a Jihar Borno. A 2017 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, an kuma rusa makarantu kusan 1,400. A 2022 gwamnatin jihar da kanta ta gwada malaman ƙananan hukumomi 17,229, aka sami 5,439 kaɗai da suka cancanci tsayawa gaban aji ba tare da an sake horar da su ba. Batun wuta kuwa, mutanen Maiduguri ba sa bukatar tuni. Daga Janairun 2021, da aka fasa turakun da ke kawo lantarki ta hanyar Damaturu, garin ya shafe watanni masu yawa cikin duhu, sai janareto da sola, kafin a buɗe tashar nan mai aiki da iskar gas a Maris 2023. In har aka ce sai an gina wa kowace makaranta ɗakin kwamfuta mai sanyi kafin yaro ya fara kodin, to, wannan darasi zai koma allo da alli, a sake haifar wasu irina, masu cin jarrabawa ba su san makunni ba.

A ganina akwai wata ƙofar, kuma a cikin gidajenmu ta ke. Duk wanda ya zagaya unguwannin Maiduguri da la'asar zai ga mutane a gindin darbejiya ko a zaure, maza da mata, kowa da ƙyalle da allura, suna ɗinkin hula. Ita ce hular da a ke danganta sunanta ga Zanna Bukar Dipcharima, ministan nan na Jamhuriya ta Farko, da 'yan'uwanta irin su Bama da Tangaran da Bangwal, waɗanda manyan ƙasar nan ke sawa su shiga majalisa. Bayan da Bama ta faɗa hannun 'yan tawaye a Satumban 2014, mutanenta da yawa sun iso Maiduguri ba su da komai sai abin da ke hannunsu da ƙwaƙwalwarsu, kuma da wannan allurar mata da dama suka ciyar da marayu.

Wata daga cikin irin waɗannan mata ce maƙwabciyar yayata, ita ce kuma ta koya wa 'yar yayar tawa ɗinki. Yarinyar shekararta goma sha ɗaya. Wata rana na zauna kusa da ita ina kallon yadda bakinta ke motsi tana ɗinki, na ce mata me ta ke karantawa. Ta ce, “Kawu, ƙirga na ke yi. Huɗu da jan zare, biyu da fari, in juya. Haka zan yi ta yi har in zagayo inda na fara. In na iso wurin tauraron nan kuwa sai in sake zare.” Na ce to in ta yi kuskure fa? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce ai zanen ba zai haɗu ba, sai ta bi baya ta nemo inda ta tsallake, ta warware daga nan.

Mai karatu, wannan yarinya ba ta sani ba, amma ta zayyana mini ginshiƙan kodin gaba ɗaya. Ta san cewa umarni yana da jeri, wannan kafin wancan. Ta san maimaici, watau a yi abu kaza har sai kaza ya faru. Ta san sharaɗi, in an iso wuri kaza a yi kaza. Abin da ya fi waɗannan duka, ta san cewa idan aiki ya ɓaci, ba aljani ba ne ya ɓata shi, akwai wani wuri ɗaya da aka yi kuskure, kuma ana iya bin sawu a same shi. Masu rubuta wa kwamfuta umarni a manyan kamfanonin duniya, rabin ranarsu a kan wannan bin sawun ta ke ƙarewa.

Kada a ɗauka kwatance ne na ɗan jarida mai neman abin cika shafi. Dangantakar zare da kwamfuta tsohuwa ce. A 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya ƙera masaƙa a birnin Liyon wadda ke karanta zanen da za ta saƙa daga wasu katuna masu huji: inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya kwanta. Daga wannan masaƙar Charles Babbage na Ingila ya ɗauki dabarar ba injin lissafinsa umarni da katuna, Ada Lovelace kuma ta rubuta bayanin yadda za a tsara masa aiki a 1843. Har kumbon da ya kai Amurkawa duniyar wata a 1969, umarnin da ke cikin kwamfutarsa mata ne suka saƙa shi da hannu, suna zura siririyar wayar tagulla ta cikin wasu 'yan zobba ko ta gefensu. Ashe abin da mu ke ɗauka na Turawa ne zalla, daga ɗakin masaƙa ya fito, mu kuwa ba a gaya mana saƙa.

Wanda ya fara tsayawa a kan cewa yaro da hannu zai koyi wannan ilmi shi ne Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a 2016. A 1967 shi da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta na yara mai suna Logo, daga baya suka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai tayoyi da alƙalami a cikinta, wadda suka kira kunkuru. Yaro zai ce mata ta yi gaba taki kaza, ta juya dama, ta maimaita sau huɗu, sai ga murabba'i a kan takardar da aka shimfiɗa a ƙasa. In abin ya fito a karkace, malami ba ya cewa komai, sai ya sa yaron ya tashi ya taka da ƙafarsa kamar shi ne kunkurun, har ya gano inda ya ɓata. Ɗaliban Papert ne suka fitar da Scratch a 2007, inda yaro ke jera umarni kamar yana jera tubali, ba sai ya iya buga dogon Turanci ba. Kyauta a ke samunsa, an kuma fassara shi cikin harsuna da dama, har da Hausa.

Daga baya abin ya sauko daga gilashin kwamfuta ya dawo tafin hannu. A 2005 wasu malamai a garin Ibreya na Italiya suka ƙera wani ɗan allon lantarki mai arha, Arduino, domin ɗalibansu masu koyon zane. A 2007 wata malama, Leah Buechley, ta fitar da irinsa wanda a ke ɗinkawa a jikin tufa da zare mai ɗaukar wuta, har yarinya ta iya ɗinka jaka mai ƙyalƙyali da fitila in duhu ya yi. A 2016 kuma gidan rediyon BBC, wanda mu ke saurare safe da yamma, ya raba wa 'yan makarantar Birtaniya masu shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu wata 'yar na'ura mai suna micro:bit, kusan guda miliyan ɗaya. Faɗinta santimita 5 ne, tsawonta 4, watau ba ta fi kwalin ashana ba sosai. Tana da 'yan fitilu 25 a fuskarta, da maɓallai biyu, tana jin motsi da zafi da haske, wadda aka fitar a 2020 kuma har da ƙaramar lasifika. Ƙananan batura biyu irin na rimot ke tafiyar da ita. Ana iya rubuta mata umarni da wayar hannu, kuma da zarar ta karɓa, ba ruwanta da intanet ko wutar gwamnati.

Wani abokina ya aiko mini da guda ɗaya daga Abuja, na kai gidan yayata don in gwada ko maganar da na ke shirin rubutawa tana da tushe. Ban zaɓa wa yarinyar abin da za ta yi ba. Ita ta zaɓa, abin da ta zaɓa kuwa ya sa jikina ya yi sanyi. Ta ce tana son abin da zai tashe su in ruwa ya shigo gida da dare.

Wanda ba ɗan Maiduguri ba sai an yi masa bayani. A daren 9 ga Satumba, wayewar garin 10 ga wata, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehu da babbar kasuwar Monday da asibitin koyarwa, har namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi ya kwasa. Mutane da yawa suna barci ya same su. Yarinyar nan a kan kafaɗar ubanta aka fitar da ita, kuma har yau in hadari ya haɗu ba ta barci da wuri.

Muka fara ba tare da na'urar ba. Ta samo murfin bokitin fenti da ƙusa biyu da guntun wayar tsohuwar caja, muka ciro 'yar ƙararrawa daga wani mataccen agogon tebur, muka haɗa da batura biyu. Da ta haɗa ƙusoshin da juna, ƙararrawa ta yi ƙara. Da ta tsoma su a ruwan leda, shiru. Ta ce abin ya lalace. Na ce ta sake haɗa ƙusoshin, ya yi ƙara. Ta yi shiru tana tunani, sa'an nan ta ce ashe wuta ba ta son bi ta cikin ruwa. Na sa ta barbaɗa gishiri, sai muka ji wani ɗan siririn kuka kamar na sauro. A cikin rabin sa'a, ba littafi ba allo, ta gane cewa wuta sai ta sami hanya ta zagayo, cewa ƙarfe ya fi ruwa ba ta hanya, cewa ruwan gishiri ya fi ruwan sha. Ni wannan a aji huɗu na haddace shi, na kuma manta da shi bayan jarrabawa.

Daga nan amfanin 'yar na'urar ya fito fili, domin ita tana jin 'yar wutar da ta yi wa ƙararrawa kaɗan. Muka ɗaura mata wayoyin, yarinyar ta jera tubalan umarni a wayata: in ƙusoshi sun ji ruwa, yi kuka. Ta tura, ta tsoma ƙusoshi, shiru. Ta sake, shiru. Na ga inda kuskuren ya ke, na kuwa danne bakina da ƙyar, don irin tarbiyyar da aka yi mana ita ce babba ya faɗi amsa yaro ya rubuta. Ta yi kusan minti ashirin tana juya abin, har ta fara ƙunƙuni. Can sai ta lura cewa in ƙusoshin suna cikin ruwa tun kafin a kunna na'urar, tana kuka, in kuwa daga baya aka tsoma, ba ta yi. Ta ce, “Kawu, wannan ai irin maigadin makarantarmu ce. Sau ɗaya ta ke leƙawa ta koma barci.” Ta ɗauke umarnin daga gurbin abin da a ke yi sau ɗaya in an kunna, ta sa shi a gurbin abin da a ke maimaitawa ba tsayawa. Ta tsoma ƙusa. Ƙarar da ta tashi, da ihun da yarinyar ta yi, su suka fito da kakarta daga ɗaki.

A nan ne na ci karo da abin da ban yi tunaninsa ba, wanda kuma babu shi a littattafan Turawan da suka ƙirƙiro waɗannan abubuwa. Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi batura da wayoyi da ɗan allo mai ƙyafta jar fitila a hannun jikarta, fuskarta ta sauya. Ta ce, “Kai, ɗan nan, fitar mini da wannan abu daga gida. Kana so a zo a kwashe mu?” Ban yi mata dariya ba, ba kuma wanda ya zauna a garin nan zai yi. Shekaru muka yi a Maiduguri waya da batir a hannun yaro ba su da fassara sai guda ɗaya. A cikin watanni takwas na farkon 2017 kaɗai, Asusun Yara ya ƙirga yara 83 da aka ɗaura wa bam a arewa maso gabas, 55 daga cikinsu 'yan mata. Garin da aka hana hawa babur tun 2011, aka kuma yanke masa layukan waya a 2013, ya koyi tsoron duk wani abu mai waya a jiki. Yaron Kano ko Zariya zai iya ɗaukar motar gwangwaninsa mai batir ya ratsa kasuwa ba wanda ya kula. Namu sai uwarsa ta yi tunani sau biyu.

Wannan tsoro gaskiya ne, kuma duk mai shirin koyar da wannan ilmi a Borno da bai sa shi a lissafi ba, zai sha mamaki. Amma in muka bar shi ya yi mana hukunci, to, mun yarda ke nan cewa waɗanda suka ƙona makarantu sun kuma gaje mana lantarki, su kaɗai ke da ikon koya wa yaro haɗa waya. Maganin abin shi ne a yi shi a fili. A yi shi a makaranta da rana tsaka, Bulama da Lawan su sani, a gayyaci iyaye su zo su ga abin da 'ya'yansu suka ƙera, su taɓa da hannunsu. Ni ma haka na yi da tsohuwa. Na roƙe ta ta tsoma ƙusoshin da kanta. Ta yi bisimilla ta tsoma, abu ya yi kuka, ta ɗaga, ya yi shiru. Ta maimaita har sau uku. Ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta sake cewa a fitar ba.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya, watau wa zai koyar. Ba na jin za a sami amsarta a wurin taron bita na kwana uku a otal, inda a ke raba jaka da kuɗin mota. Masu ilmin nan suna nan cikin gari, sai dai ba su da takardar malanta. Mai karatu ya je Kasuwar Jagwal ya ga samarin da ke buɗe wayar da aka ƙera a Sin, su bi hanyoyin wutarta da ɗan awo, su ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba su dasa wani. Yawancinsu a gefen teburin wani suka koya. Shekarun duhun nan kuma sun haifar da masu haɗa sola a kowace unguwa. Ga kuma Mustapha Gajibo, wanda ya bar jami'a bai ƙare ba, ya buɗe wurin aikinsa a nan Maiduguri yana cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana mai da su masu batir, har labarinsa ya kai kafofin watsa labarai na duniya a 2022. Garin da ya fitar da waɗannan ba za a ce ba shi da malaman lantarki ba.

Abin da na ke ba Ma'aikatar Ilmi ta jiha da Hukumar Ilmin Firamare shawara shi ne su haɗa malamin aji da mai sana'a. Malami ya san yaro, ya san yadda a ke tafiyar da aji; mai gyaran waya ya san wuta; mai ɗinkin hula ta san zane da ƙirga. A ba su rana ɗaya a mako da ɗan alawus na mutunci. Gwamna Babagana Zulum injiniya ne, ya kuma shugabanci Kwalejin Fasaha ta Ramat kafin ya shiga siyasa, saboda haka ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan abin da ɗaliban wannan kwaleji za su iya yi in an tura su firamare a lokacin koyon aikinsu. Kayan aikin kuwa, mafi yawansu shara ce: kwali, gwangwani, murfin kwalba, karan dawa, matattun rediyo da tocila. 'Yar na'ura ɗaya ta ishi yara biyar ko shida, kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar zamani ba. Kafin ma a kai ga na'ura, ana iya shafe zango guda ana koyon jeri da maimaici da sharaɗi da takarda mai gida-gida da zaren hula, ko a filin wasa, wani yaro ya zama kunkuru wani ya ba shi umarni. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a cikinsa: ƙananan batura kaɗai, kada yaro ya kusanci wutar bango ko babban batirin sola.

Na san za a ce yaron da bai iya karanta sunansa ba ina shi ina kodin. Maganar tana da nauyi, ba na kuwa cewa wannan ya maye gurbin karatu da rubutu. Abin da na gani dai shi ne yarinyar nan, wadda sai an yi da gaske ta ke buɗe littafin Turanci, ta zauna tana haɗa baƙaƙen kalmomin da ke kan tubalan nan ɗaya bayan ɗaya, saboda tana bukatarsu. Za a kuma ce jarrabawa ba ta tambayar wannan. Gaskiya ne, kuma nan ne haɗarin ya ke: muddin abin da za a tambayi yaro shi ne ya kawo ma'anar kodin da ire-irensa guda biyar, malami zai koma allo ko da an cika masa aji da na'urori. Sai an ware wani kaso na maki ga abin da yaro ya ƙera da hannunsa, ya kuma iya bayanin yadda ya ke aiki da Hausa ko Barbarci ko duk harshen da bakinsa ya fi sakewa.

Akwai kuma batun 'yan mata. Teburin gyaran waya na maza ne, ba uban da zai tura 'yarsa Jagwal koyon aiki. In aka shigo da wannan ilmi ta ƙofar sukurdireba kaɗai, an bar rabin aji a waje. In kuwa aka shigo da shi ta ƙofar allura, su ne a gaba, domin haƙurin warware ɗinki a sake, wanda shi ne jarin wannan aiki, sun riga samari samunsa.

Na'urar tamu tana nan a gidan yayata. An ɗaure ta cikin robar man shafawa a jikin ginshiƙin rumfa, ƙusoshin suna bakin magudanar tsakar gida. Ba zan yaudari kowa ba, irin ruwan Alau ba abin da ƙusa biyu za su tsayar, gyaran madatsa da gargaɗin jama'a a kan lokaci aikin hukuma ne. Ƙusoshin ma sun fara tsatsa, an ce sai an nemo cokulan da ba sa tsatsa a maye gurbinsu. A daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe huɗu da rabi, abu ya kwarma ihu, gida ya tashi a firgice, yayata ta suri ƙaramin yaro ta yi waje ba mayafi. Ashe tsohuwa ce ta fito alwalar asuba, ruwan butarta ya gangara magudana. Da na je da yamma na tarar an ɗaga ƙusoshin sama da yatsa huɗu, yarinyar kuma ta karɓe wayata tana neman yadda za ta gaya wa na'urar cewa in ta ji ruwa ta dakata ta ƙirga zuwa sittin tukuna, ta sake dubawa, in har yanzu yana nan sa'an nan ta yi kuka. Kakarta na zaune a gefe kan tabarma da carbi, tana cewa sittin ya yi yawa, a mai da shi talatin.